Waɗanda suka taɓa kai ɗalibai wuraren tarihi, ku ba mu labari

Malamar tarihi daga Kaduna: Assalamu alaikum. Makarantarmu za ta kai 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare Kano bayan jarrabawa. An rubuta wurare biyar: Gidan Makama, Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, karofin Ƙofar Mata da Gidan Ɗan Hausa, duk a wuni ɗaya, mu dawo kafin magariba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi, ko aka taɓa kai shi yana ɗalibi, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin firamare, cikin birnin Kano: Wa alaikumus salam, Malama. Biyar daga Kaduna? Hanya kaɗai za ta cinye muku safiya. Ni da nake cikin gari ma uku nake kai su. Da Gidan Makama nake farawa, tunda a nan za su ji sunan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sai in sun je Kurmi daga baya in ce musu a zamaninsa aka kafa ta. Maza kuwa, tun daga igwar Turawa da ke bakin ƙofa suke tsayawa, a nan nake ba su labarin shigowar Turawa Kano a 1903. Dala kada ku hau da tsakar rana. Ko da sassafe ko bayan la'asar.

Tsohuwar ɗaliba: Malama, don Allah duk abin da za ku cire kada ku cire karofi. An kai mu muna ƙanana, kuma yau in aka tambaye ni abin da ke cikin akwatunan gilashin gidan tarihi ba zan iya kawo ko ɗaya ba, amma marina tana nan a kaina. Wani dattijo yana zaune a bakin rami, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ga shi kore-kore. Muka ce baba ai ba shuɗi ba ne wannan. Bai ce mana komai ba, ya dai riƙe shi a iska, muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zuwa yana ƙara duhu. Shi ya gaya mana ganyen baba da toka da kanwa ake zubawa a ruwa, a bar su kwanaki su jiƙu kafin a fara rini. Can gefe masu bugu na ta dukan yadi har yana ƙyalli. Malaminmu ya nuna mana shekarar da aka kafa marinar, 1498, a jikin allon wurin, amma abin da ya fi damuna shi ne yawan ramukan da suka bushe, ba kowa a bakinsu.

Direban bas: Ni nawa ɗaya ne. Ku ƙirga yara duk lokacin da za su shiga mota, da suna, ba da ido ba. Kurmi lunguna ce, yaro ya tsaya kallon takalmin fata sai ya nemi 'yan'uwansa ya rasa. Mun taɓa ɓata kusan awa muna neman wata yarinya, ashe tana wajen masu duwatsun wuya tana ciniki da kuɗin abincinta.

Baban yara, Katsina: Namu Daura aka kai su, rijiyar Kusugu. Har guga aka ba su suka ja ruwa suka sha. Da yaron ya dawo sai ya tsare ni: Baba, da gaske maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi? Wai malami ɗaya ya ce tarihi ne, ɗayan ya ce tatsuniya ce, suka yi ta musu a mota. Malamai ku daidaita bakinku kafin ku fita mana.

Malamin firamare, cikin birnin Kano: Alhaji, ni ban ga laifin musun ba. Haka nake yi da labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala. Ina ce musu wannan abin da kakanni suka bar mana ne, masana kuma ba su haɗu a kan duk abin da ke ciki ba. Yaron da ya dawo gida da tambaya ai ya riga ya ci kuɗin motarsa.

Wata uwa: Hmm. Ku dai duba maganar abinci. Makarantar 'yata ta karɓi kuɗi da sunan har da abincin rana, yara suka wuni a kan biskit da ruwan leda. Ta dawo da ciwon kai, ko sunan wurin da suka je ba ta riƙe ba.

Ɗan'uwa daga Damagaram: Mu nan fadar Sarkin Damagaram ake kai su, a zaga unguwar Birni. Yara da yawa a ranar suke fara jin cewa Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Shawarata ku aika takarda tun da wuri ga duk inda za ku, musamman in da fada a ciki. Ba a yi wa fada zuwan ba-zata da yara arba'in.

Malamar tarihi daga Kaduna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa shugabanmu uku: Gidan Makama, karofi, sai Dala bayan la'asar in iyaye sun yarda mu kwana. Saura tambaya ɗaya. A karofi ana barin yara su tsoma ƙyalle da kansu?

Tsohuwar ɗaliba: Mu an bar mu, bayan malami ya yi magana da babbansu ya ba da ɗan abin goro. Kowa ya zo da farin hankici daga gida. Kuma ku ce kada su sa farin yunifom ranar.