Efoksi yana ɓarewa daga jikin alminiyom, wani kuma ya ƙi daskarewa

Mai Walda:
Assalamu alaikum. Muna liƙa sassan alminiyom a jikin farantin ƙarfe da efoksi, wato gam mai kashi biyu (rezin da sinadarin daskarewa) da ake kwaɓawa tare, tunda walda ba ta haɗa su. Wasu suna ɓarewa, gam ɗin ya tsaya a ƙarfen, alminiyom ya fito fes. Wasu kuma har kwana biyu gam ɗin na nan da danƙo, farce na shiga. Ko ƙara sinadarin daskarewa zai magance wannan?

Injiniyan Sinadarai:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara ko ɗigo. Wannan dabarar ta wani rezin daban ce, na foliyesta, inda sinadarin ba ya yin komai sai zaburarwa. A efoksi kuwa kashi biyun haɗuwa suke yi daidai wa daida, duk wanda ya yi yawa zai rage a ciki bai sami abokin haɗuwa ba, shi ne laushin da kake gani.

Ka duba takardar kamfani: awon nasu na nauyi ne ko na cika? Ba ɗaya ba ne, don nauyin kashi biyun ya bambanta. In ta ce 100 da 30 a nauyi, giram 200 na rezin giram 60 yake so, kuma da sikeli. Ka kwaɓa minti biyu zuwa uku kana kankare gefe da gindin mazubin, ka juye a wani mazubi mai tsabta ka sake kwaɓawa. Yawancin danƙon nan daga abin da ya maƙale a gefe yake fitowa. Kada kuma a kwaɓa da yawa lokaci ɗaya: efoksi yana fitar da zafi, in ya taru a gwangwani mai zurfi sai ya dafa kansa, har hayaƙi yana yi. A baza shi a faranti. Duk ƙarin digiri 10 na zafi (a ma'aunin Salshiyas) yana rage lokacin aiki da kusan rabi, ƙasa da digiri 10 kuma yawancin nau'ikan efoksi da ƙyar suke daskarewa.

Bakanike:
Ɓarewar nan kuwa ba laifin gam ba ne, ɗan'uwa. Tunda alminiyom ya fito fes, fuskarsa ce ba a gyara ba. A fara goge maiƙo da asiton (sinadarin da ke narkar da maiƙo), sannan samfefa mai lamba 80 zuwa 120, a sake gogewa da tsumma mai tsabta. Wanda ya fara da samfefa, cusa maiƙon ya yi cikin alminiyom ɗin. Da an kankare alminiyom yake fara yin sabuwar fata a iska, don haka a liƙa nan take, kada a bari ya kwana. Gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwa a wurin. In ya bazu, ya yi tsabta. In ya dunƙule, da sauran maiƙo. A busar sosai kafin a shafa gam.

Mai Duba Inganci:
Ƙari a kan na malamai: kada a matse har gam ya tsiyaye duka. Kaurin milimita 0.1 zuwa 0.2 ake so, siririyar waya a tsakani tana tsare shi. Efoksi yana jure ja ta kwance, wato jan da ke neman zame sassan a kan juna, amma ba ya jure ɓamɓara daga baki ɗaya, sai a faɗaɗa wurin da sassan suka hau juna. Alminiyom kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka doguwar mahaɗa tana buƙatar efoksi mai ɗan sassauci. A sa safar hannu ta robar naitiril, don sinadarin daskarewa yana jawo borin fata, kuma in ya kama mutum ba ya saki.

Mai Walda:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. To waɗanda suka riga suka yi danƙo fa?

Injiniyan Sinadarai:
Ka ɗumama ɗaya a digiri 60 na awa biyu zuwa uku. In ya yi tauri, sanyi ne ya hana shi, sauran ma a yi musu haka. In yana nan da laushi, awo ne ya kuskure: a kankare shi duka, a wanke da asiton, a sake daga farko.