Wai 'yan Yukren ne marasa gata?

Auwalu Birmingham: Jama'a abin nan ya tsaya min a rai wlh. Akwai wata baiwar Allah 'yar Yukren da muke aikin kula da tsofaffi tare, akanta ce a ƙasarsu, Turanci ma ta iya, amma duk inda ta nemi aikin ofis da an ga ranar ƙarewar bizarta sai a ce za mu kira ki. Biza ta shekara 3 aka ba su a 2022, da ta zo ƙarewa aka ce a nemi ƙarin wata 18, shi ma a lokacin ba ka da ikon nema sai saura kwana 28 ta mutu, to wane kamfani zai kashe kuɗi ya horar da kai bai san ko baɗi kana nan ba? Kuma shekarun nan ba sa kai mutum ga zaman dindindin. Mutanen nan marasa gata ne.

Maman Ilham: Marasa gata?? Malam Auwalu ka ji tsoron Allah. Wa aka taɓa buɗe wa gida a Ingila har gwamnati na biyan mai gidan fam 350 a wata?

Dr. Kharkiv: Bari kawai Hajiya. Ni ina karatun likita a Kharkiv ta Yukren yaƙin Rasha ya same mu, a tashar jirgin ƙasa ture baƙar fata ake yi, a bakin iyakar Polan mu ne layin baya cikin sanyi. Idan su ne marasa gata mu kuma a kira mu me

Auwalu Birmingham: Likita ba wannan nake nufi ba, maganar takarda nake

Maman Ilham: Ai kai ka ce gata. 'Yan Siriya da Sudan watanni suke yi a sansani ba izinin aiki, waɗannan tun 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta ce su shigo su yi aiki ba sai an yi musu tambayoyin neman mafaka ba

Nura Hamburg: Gaskiya kowa da gaskiyarsa. Nan Jamus sun haura miliyan ɗaya, kariyar wucin gadin da aka ba su kuma shekara-shekara ake ja musu, a 2025 an kai ta Maris 2027. Koyon sana'a a nan shekara 3 ne galibi, ga tantance takardun likita ko malami da ke cin lokaci ga koyon Jamusanci, mutum sai ya ce me zai sa in wahala, ya kama aikin shara ko ɗaukar kaya a sito

Issoufou Maradi: Su koma gida mana, wa ya ce su biye wa NATO

Nura Hamburg: To fa, wakilin Putin ya iso

Issoufou Maradi: Gara Putin da Faransa sau dubu. Ku da kuke wanke wa Turawa kwano

Dr. Kharkiv: Kai Issoufou ka taɓa kwana a ƙarƙashin ƙasa bam na sauka? Rufa mana baki don Allah

Maman Ilham: Ni dai a janye kalmar gata

Auwalu Birmingham: Ba zan janye ba Hajiya, wanda bai san inda zai kwana baɗi ba ina gatansa

Maman Ilham: To kai da bizarka ke hannun mai aikinka fa, ɗan gata ne kai?

Admin Sagir: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda 'yan Yukren sun fi kowa samun gata a Turai kuma ɗalibanmu aka zalunta, Malam Auwalu tausayin abokiyar aikinsa ne ya ɗebe shi. Nura da Issoufou ku ƙarasa a inbox, duk wanda ya sake kawo Putin zan cire shi.