Rajistar CONUA: ƙungiya ce, ko kishiya aka yi wa ASUU?

Malam Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Ɗazu ina binciken durowa na ci karo da takardar cinikin motata, wadda na sayar a 2022 da albashi ya tsaya. Wata takwas muka yi muna yajin aiki, mu 'yan ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ana saura kwana goma a janye, Ngige, ministan ƙwadago na lokacin, ya miƙa wa CONUA, wata sabuwar ƙungiyar malaman jami'a, da NAMDA ta malamai likitoci takardar rajista. Alhali dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana yi wa sabuwar ƙungiya rajista matuƙar akwai wadda ke wakiltar ma'aikatan fannin yadda ya kamata. Amma a Yulin 2023 Kotun Ma'aikata ta ce rajistar ta halatta. Ni dai na ce kishiya aka yi wa ASUU don a karya lagonta wajen tattaunawa. In gwamnati ta samu wanda za ta zauna da shi ban da mu, wa zai ƙara tuna yarjejeniyar da ta ƙulla da ASUU a 2009?

Barista: Malam, ba da ka aka yanke hukuncin ba. Mai shari'a Kanyip ya dogara ne da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1960. Ma'aikaci na da 'yancin kafa ko shiga ƙungiyar da ya ga dama.

Maman Khalifa: Dakata tukuna Barista. Malam, me kishiya ta tare maka? Ni ce ta biyu a gidanmu, kuma ban shigo don in karya lagon kowa ba. Da Yaya ta kwanta asibiti ni na riƙe 'ya'yanta biyar.

Abu Hanif: Hajiya, ai kalmar daga kishi ta fito, ba Malam ya ƙirƙiro ta ba.

Maman Khalifa: To abokiyar zama ake cewa a gidan mutunci.

Abu Hanif: Wane zama? Tun da aka kafa CONUA a Ife a 2018 kin taɓa jin sun zauna inuwa ɗaya da ASUU?

Anti Bilki: Ku maza ku ke auro ta, ku ne kuma ke mayar da sunanta zagi. Allah ya kyauta.

Ɗalibi: Ku yi ta rigimar uwargida da amarya, mu 'ya'yan gidan mu ne muka ji a jikinmu. Wata takwas ina cajin waya a bakin tasha. Ƙanwata da ke jami'ar kuɗi ta riga ni tafiya bautar ƙasa.

Malam Ɗan Samaru: Ɗana, ajin da kake zama a ciki duba allon da ke jikinsa. In ka ga TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, to gwagwarmayar ASUU ta 1992 ce ta haifar da asusun.

Ɗalibi: Na duba, Malam. Fankar ajin ma ba ta juyawa.

Abu Hanif: Yaron nan ba shi da ladabi. Shi kuma Barista, ka fito fili, surukinka ɗan CONUA ne ko a'a?

Barista: Ina ruwan surukina da hukuncin kotu? Ka janye maganar nan.

Abu Hanif: Ban janye ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda an yi rajistar nan ne don a raba kan malamai, kuma ba don ASUU ba da jami'o'inmu sun daɗe da durƙushewa. Barista ya kawo batun wata yarjejeniyar ƙasashen waje, mun ji. Ɗalibi ya ba Malam haƙuri.

Maman Khalifa: Ni fa, Shugaba? Wa zai ba ni nawa haƙurin?