Wai meye arthritis da Hausa, sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai?

Salamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya na jefa tambayar nan, wace kalma za mu riƙa kiran arthritis da ita a Hausa, kuma amsoshi sun zo da yawa, wasu ma kira na suka yi ta waya. Bari in tattara abun da na fahimta in faɗi inda na tsaya, wanda ya ga na kauce dan Allah ya gyara min.

Ga abun da ya sa maganar ta tsaya min a rai. Goggona, ƙanwar babanmu, a Jahun take nan cikin Bauchi. Bara na raka ta asibiti kan gwiwarta ta dama, aka ɗauki hoto, likita ya ce atiraitis ne. Muna fitowa tun kafin mu tari keke ta ce "kai ɗan nan, me ya ce ne?" Na ce sanyin ƙashi ne Goggo, don shi ya zo bakina kuma shi kowa ke faɗa. Ita kuwa ta riƙe kalmar sanyin nan gam, ta koma gida ta sa safa biyu, ta daina alwala da ruwan randa, ta daina takawa zuwa islamiyya, suna da biki duk ta yanke, kullum tana kan tabarma da kaskon wuta a gefe ana mulka mata man zafi. Bayan wata huɗu in za ta tashi sai ta dafa ƙasa, ta dafa turmi, jikarta ta kama mata hannu, kana jin gwiwar tana ƙas-ƙas, cinyar dama har ta fi ta hagu sirancewa. Da muka koma asibiti, ma'aikacin da ya duba ta ya ce zaman nan ne ya ƙara mata. Wallahi har yau abun yana cina, don ni na ba ta kalmar, ita kuma ta yi abun da kalmar ta nuna mata.

Ita kanta kalmar Turawan daga Girkanci aka ɗauko ta, rabin farko gaɓa yake nufi, rabin ƙarshe kumburi. Kuma ba ciwo ɗaya ba ne, gida guda ne mai ɗauke da cututtuka sama da 100. Ƙashi ma ba shi ne tushen matsalar ba, mahaɗar ƙashi ce.

To sanyin ƙashi dai ni na cire shi, duk da shi ya fi samun ƙuri'a. Na yarda mutane da yawa suna jin ciwon ya fi tsanani da hunturu, Goggo ma haka take, amma ƙara jin zafi daban, haddasa ciwo daban. Ba sanyi ne ya shiga ƙashi ba. Ga kuma wata, kalmar sanyi a bakinmu ta riga ta yi kaya da yawa, mace ta ce tana da ciwon sanyi kowa ya san ba gwiwa take nufi ba, shi ya sa za ka ji mai magani a mota da lasifika wajen Wunti yana tallar kwalba ɗaya wai tana maganin sanyin mara da sanyin ƙashi gaba ɗaya. Kalmar ce ta buɗe masa ƙofa.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon gaɓoɓi, su ma shi suke faɗa wa marasa lafiya. Gaskiya ne ana ganewa, amma Anti wannan ai alama ce ba sunan cuta ba, mai maleriya gaɓoɓinsa na ciwo, mai sikila haka, wanda ya wuni yana noma haka. Sannan ku lura da yadda muke rubutu a waya, yawancinmu ba ma sa ƙugiya a ɓ, in ka rubuta ciwon gaba mai karatu wani wuri daban zai nufa.

Wani malamin makaranta daga Gombe ya ce mu fassara kai tsaye kawai, kumburin gaɓɓai. Malam na so in bi ka, sai dai na gwada a kan Goggo ta shafa gwiwarta ta ce ai ba ta kumbura ba. Kuma tana da gaskiya, irin nata sau da yawa ba a ganin kumburi a ido. Rumatizim kuma da dattawan da suka yi boko ke faɗa, aro ne a kan aro, bai ƙara mana komai ba.

Inda na tsaya shi ne amosanin gaɓɓai. Ba ni na ƙirƙira ba, tsohuwar kalma ce, har a rediyo ana jin ta. An kawo min ƙorafi cewa amosani ya yi yawo da yawa, akwai amosanin kai mai sa ƙaiƙayi da farin gari a gashi, akwai amosanin jini da ake kiran sikila da shi. Ni a wurina wannan ne ma ƙarfinta. A kunnen Bahaushe amosani abu ne da ke zama da mutum, ya lafa ya taso, ana lallaɓa shi ne ba a yi masa allura ɗaya ya tafi. Haka wannan ciwon yake. Kalmar ba ta ɗora laifi kan sanyi ba, ba ta yi alƙawarin warkewa cikin sati ba, kuma da ka ce gaɓɓai ka nuna wurin.

Sai rassansa, don nan ne aikin yake.

Wanda ya fi yawa, irin na Goggo, likitoci na ce masa ostiyo-atiraitis. A bakin kowane ƙashi a cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, irin farin nan da kake tauna a ƙafar saniya, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. In ya lalace ya yi siriri, sai ciwo da ƙara da sandarewa. Shekaru, ƙiba, tsohon targaɗe ko karaya, aikin tsugunno da ɗaukar kaya na shekara da shekaru, duk suna kawo shi, ya fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke da shi, kashi 60 cikin 100 mata ne, kashi 73 sun haura shekara 55. Ni na kira shi amosanin zaizayar gaɓɓai, ko a taƙaice zaizayar gaɓɓai, don mu 'yan Bauchi da Gombe mun san zaizayar ƙasa da ido, mun san ba a rana ɗaya take cin gona ba kuma in an tare ta tana tsayawa.

Na biyu rumatoyid, shi kam garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓɓai. Yana kama ƙananan gaɓɓan hannu da ƙafa, dama da hagu lokaci ɗaya, ba ruwansa da tsufa, kuma sandarewar safe takan kai awa ɗaya ko fiye, alhali ta zaizaya kafin rabin awa ta saki. Mutum miliyan 18 ke da shi a duniya a 2019, mafi yawa mata. Wannan amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki zan ce masa, ya yi tsawo amma dole sunan ya bambanta, don shi yana da magungunansa na musamman kuma in aka yi jinkiri yatsu na karkacewa har abada.

Akwai wata kalmar da ta haɗu da wannan, gashin ƙashi, da muke kiran fisiyo da ita. Goggo da ta ji za a kai ta gashi ta ɗauka fitila za a kunna mata ta kwanta. Ana yin gashin, yana rage zafi, amma babban aikinsu motsa jiki ne, kuma dalilin ya ba ni mamaki da aka min bayani. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kaman soso, in ka taka ya matse in ka ɗaga ya tsotsa, wanda ya zauna ya hana shi ci. Tsokar cinya kuma ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi, tana sirancewa gwiwa ta shiga uku. Ga nauyin jiki, kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Don haka ni zan riƙa cewa sashen gashi da motsa gaɓɓai.

Abun da aka ba Goggo babu na'ura a ciki. Ta zauna kan kujera ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta ƙirga goma ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Ta tashi daga kujera ta koma ba tare da dafa komai ba. Sai tafiya bayan la'asar, ta fara da minti 5 zuwa bakin layi. Ma'aunin da ake so babba ya kai minti 150 ne a sati, wato rabin awa kwana 5, amma a hankali ake hawa. Ɗan ciwo lokacin yi ba komai, in ya wuce awa 2 bayan an gama bai lafa ba to an zarce, gobe a rage. Motsi cikin ruwan ɗumi ma yana da kyau sosai don ruwa na ɗauke nauyi, wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari, ruwan da ɗuminsa ke wajen digiri 31 rani da damina, ya san yadda jiki ke sakewa, sai dai ba kowa ke da halin zuwa ba.

Dan Allah abu biyu. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi rau ga zazzaɓi, wannan ba ta motsa jiki ba ce, asibiti a ranar. Sannan magungunan kashe ciwo irin diklofenak da 'yan'uwansa da iyayenmu ke saya a kemis suna sha kullum, suna kawo gyambon ciki suna taɓa ƙoda, a tambayi likita.

Goggo yanzu tana takawa islamiyya da sandarta, sallar farilla a kan kujera take yi ranar da gwiwar ta taso, kuma in maƙwabta sun ce ya sanyin, sai ta ce amosani ne ba sanyi ba.

Saura guda ɗaya da ban samo ba, gawut, wanda gishirin yurik asid, wani sinadari da ke cikin jini, ke taruwa a gaɓa, yawanci babban ɗan yatsan ƙafa, ya tashi mutum tsakar dare ko zani ba ya so ya taɓa wurin, jan nama da kayan ciki da giya na tayar da shi. Na rubuta amosanin babban yatsa na goge, don yana kama idon sawu da gwiwa ma. Masu aiki a asibiti da dattawanmu na Katagum da Misau da Dukku, me kuke ce masa a can?