Kafireta ko injekta a tsohuwar Hilux

Mai Hilux: Salamu alaikum 'yan uwa, wlh raina a ɓace yake. Tsohuwar Hilux ce gare ni mai injin 22R, kafireta ce a kanta (wato abin da ke haɗa fetur da iska ya tura wa inji), da ita nake ɗauko buhuna daga Dawanau. Tunda aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 ta ci gaba da hawa, motar nan duk abin da na samu a tanki yake ƙarewa, ga shi lokacin hunturu sai an ja cok an yi ta fama kafin ta tashi. Nace bari in cire kafiretar in sa injekta, mai fesa wa inji fetur da lantarki, irin wadda ake saye daban, kamar Holley Sniper da 'yan Amurka ke ɗora wa tsofaffin motocinsu, a gurbin kafireta take zama da ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, a jikinta. Tambayata, yin hakan zai rage min shan mai? Na je gareji, mutumin ko ɗagowa daga ƙarƙashin mota bai yi ba, wai ba a yi. Jahilci ne kawai ke damun makanikanmu.

Oga Gareji: Jahilci? Malam ka janye kalmar nan. Mu da muke kwance a ƙasa cikin baƙin mai tun kana makaranta mu ne jahilai?

Ɗan Panteka: Gaskiya ka yi kuskure Alhaji. Wanda zai saurari ƙarar inji ya faɗa maka inda ciwon yake ba jahili bane, ko bai shiga aji ba.

Injiniya: Ku daina kame-kame, jahilci rashin sanin abu ne ba zagi ba. Makanikai nawa ne a ƙasar nan in mota mai injekta ta ba su wahala sai su cire su ɗora mata kafireta? Amurka tun farkon shekarun 1990 suka daina fitar da sabbin motoci masu kafireta, mu kuma baya muke komawa.

Oga Gareji: To ɗan boko. Ka taɓa kwance kafireta da hannunka? In ta toshe a daji tsakanin Birnin Gwari da Funtua sukundireba ɗaya da ɗan fetur a murfin gora sun isheni, in hura jet in mayar mu wuce. Ƙwaƙwalwarka in ta mutu a can wa zaka kira, Amurka?

Rewaya: Dan Allah ku bari a amsa wa mutumin. Malam abin yana yiwuwa amma ba ɗorawa kawai bane. Kafireta da ɗan matsin mai take aiki, bai fi psi 7 ba a ma'aunin matsi, irin su Sniper kuwa wajen 58 suke so, kenan sai sabon famfon mai na lantarki da tiyo mai jure matsi da layin da zai mayar da ragowar mai tanki. Sai an huda salansa an yi walda an sa sansa mai karanta hayaƙi, da wata ta zafin ruwa, kuma in wayarin motar ya tsufa ko batir baya caji sosai zata riƙa yi maka hauka. Ga maganar dacewa da manifol ɗinka, wato inda kafireta ke zama a kan inji. Ni da zaka ji tawa ka nemi injin 22RE na Beljiyam da wayarinsa da ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya, Toyota ce ta yi shi da injekta tun asali.

Baban Yara: Ni dai kalmar jahilcin nan ce ta tsaya min a wuya. Mahaifina makanike ne, da sana'ar ya kai mu makaranta ya sauke farali.

Injiniya: Allah ya saka masa Baba, amma ba shi ake nufi ba.

Ɗan Panteka: Duk wannan ma don Toyota ce. Da akori-kura 504 ce wadda aka haɗa mana a Kaduna da ba a kai ga wannan surutun ba.

Na Kofar Ruwa: Haba malam, 504 da kullum ruwa ke tafasa? Ku 'yan Kaduna komai sai kun sako Fijo. Zo kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano ka ga kayan wacce ake nema yanzu.

Ɗan Panteka: Abin da kuke sayarwa mu ƙera shi muke.

Direban Tasha: Wani abokina yace an yi wa wani a Legas, mai ya ragu rabi.

Oga Gareji: Wane ne wanin? Kawo motar mu gani. Kun manta gurɓataccen man farkon 2022 mai methanol? Ga na 'yan bumburutu da ake zubawa daga jarka da ƙasa a ciki, nozul ɗin injekta baya yafe wannan.

Direban Tasha: To ya sa gas mana, CNG ake yayi.

Mai Hilux: Ni fa tambayata ko zai rage min shan mai, har yanzu ba wanda ya ce min eh ko a'a.

Baban Yara: Ka fara ba mutane haƙuri tukuna.

Admin: To jama'a ya isa haka. Abin da aka tattauna a taƙaice: kusan kowa ya yarda an ci mutuncin masu sana'a kuma bai dace ba. An kuma nuna kafireta ita ta dace da manmu da hanyoyinmu, shi kansa Rewaya ya lissafa wahalhalun injekta. Shawarata Malam ka kawo motar shagon yayana a wanke kafiretar a saita ta. Na rufe maganar.

Rewaya: Yallabai ban ce kar ya yi ba fa, cewa nayi ya nemi 22RE.