Neman shawara: gabana yana faɗuwa idan zan ɗauki hoton mutane a titi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kusa shekara ina koyon ɗaukar hoto, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne hotunan mutane a titi suna harkokinsu ba tare da sun shirya wa kyamara ba. Sai dai duk lokacin da na ga abin ɗauka gabana yakan faɗi, in tsaya ina tunanin ko za a yi mini faɗa, kafin in yanke shawara abin ya wuce. Na koma ɗauka daga nesa da lensi mai jawo nesa, hotunan kuma suna fitowa ba armashi. Ina neman shawararku.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam Malam. Rabin tsoron nan jinkiri ne ke haifar da shi, domin wanda yake murɗa kyamara a gaban mutane dole a zuba masa ido. Ka saita komai tun kafin ka fita. Da lensi na milimita 35 a kan kyamara mai cikakken firam (wato mai babbar na'urar kama haske a cikinta), idan ka sa buɗewar idon lensin a f/8 ka tsayar da saitin nisa a mita 3, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito tangaran. Ka bar saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa domin masu tafiya su fito ba dishi-dishi, sannan ka ajiye dogon lensin nan a gida, don shi ne ma yake sa ka zama kamar mai leƙen asiri.

Amsa ta biyu

Ni abin da ya yi mini magani shi ne na daina bin mutane. Nakan sami kusurwa mai haske mai kyau in tsaya rabin awa, har masu wurin su saba da ni su manta da zamana, sai masu wucewa su riƙa shigowa cikin hoton da kansu. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, wanda littafinsa na 1952 ya yaɗa batun dacewa da daidai lokacin ɗauka, ya yi mafi yawan aikinsa da ƙaramar kyamarar Leica da lensi na milimita 50. Vivian Maier kuwa, mai ɗaukar hoton titi 'yar Amurka, kyamarar Rolleiflex take riƙewa a ƙugu tana kallon ƙasa don ganin hoton ta saman kyamarar, kuma allon kyamarar zamani mai lanƙwasawa yana yin wannan aikin.

Amsa ta uku

Ɗan'uwa, ina da ja game da ɗauka daga ƙugu idan manufar ita ce ɓuya, domin wanda aka kama yana ɓoyewa ya fi shan tuhuma. Idan aka gan ka, ka yi murmushi, ka yi gaisuwa, ka nuna hoton, ka faɗi abin da ya burge ka. Wanda ya ce a goge, ka goge nan take ba gardama. Ka kauce wa yara idan ba da izinin iyayensu ba, haka ma mutumin da ke cikin halin ƙunci. Ka kuma binciki dokar ƙasar da kake, domin a wurare kamar Faransa da Jamus wallafa hoton mutum ba da yardarsa ba yana da ƙa'idoji masu tsauri.