Daga Maradi za a iya bin sawun Huda Zoghbi?

Ɗalibar_Bagalam:

Assalamu alaikum yayye da malamai. Karatun likita nike nan Maradi, kuma shawara nike nema a kan hanyar da zan bi.

Kwanan nan na duƙufa karanta tarihin Huda Zoghbi. Ƴar Beirut ce, haihuwar 1954. Can ta soma karatun likita, yaƙin basasar Labanan da ya ɓarke a 1975 ya sa ta ƙarasa a Amurka. Tana aikin likitar yara a Houston, a 1983, ta gamu da ciwon Rett: yarinya an haife ta lafiya lau, ta fara gwaranci, tana ɗaukar abu da hannunta, sai tsakanin wata 6 zuwa 18 komai ya soma komawa baya. Magana ta ɗauke, hannuwa kuma sai murza juna kamar mai wanki. Ba ta da amsar da za ta ba iyaye, sai ta shiga labo ta koyi ilimin ƙwayoyin gado daga tushe. Sai a 1999 labonta ya gano ƙwayar gadon da ke jawo ciwon, MECP2, a kan kromozom X. Shekara 16 fa!

Ga abin da ya sa nike tambaya. A ƙauyen kakata, wajen Madarunfa, akwai wani gida da na sani tun ina ƙarama. Maigidan ya fara tangaɗi bayan ya haura 30, harshensa ya yi nauyi, in ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa sai hannun ya wuce ta. Yanzu ƴaƴansa maza biyu sun fara. Mutanen gari sun ce jifa ne, wasu sun ce iskoki. Ni dai gado nike zargi.

To in gama likita tukuna, ko in karkata wajen labo tun yanzu? Kuma irin wannan aiki yana yiwuwa daga Nijar, ko mafarkin rana nike?

Tsohon_Likita:

Wa alaikumus salam ƴata. Gama likitancinki, kar ki yi gaggawa. Ita kanta matar da kike magana a gefen gadon majinyaci ta samo tambayarta, labo daga baya ya zo.

Kuma akwai wani sashe na tarihinta da kika tsallake, wanda ya fi dacewa da ke. Ba da Rett ta fara cin nasara ba. Kusan duk masu Rett su kaɗai ne a danginsu, canjin sabo ne, ba daga iyaye aka ɗauko ba, kuma a wancan zamani ba a iya farautar ƙwayar gado sai an samu dangi mai majinyata da yawa a kwatanta jininsu. Shi ya sa ta koma kan wani babban dangi a jihar Texas masu ciwon tangaɗi na gado, wanda ake kira SCA1. Ta haɗa kai da Harry Orr na Jami'ar Minnesota, a 1993 suka gano matsalar a kromozom na 6: haruffa uku na ADN (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado), wato CAG, suna maimaita kansu fiye da ƙima. In maimaicin ya kai wajen 40 ko ya zarce, furotin ɗin da ake samarwa sai ya riƙa lalata ƙwayoyin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita tafiya da hannu da harshe. Kowane ɗa na mai ciwon yana da rabin yiwuwar ɗauka. Sau da yawa maimaicin kan ƙaru daga uba zuwa ɗa, sai ciwon ya kama ɗan da wuri fiye da yadda ya kama uban.

Ban ce shi ne a gidan da kika ambata ba. Ire-iren tangaɗin gado sun fi 40, kuma kafin a ce gado sai an cire giya, da ƙarancin bitamin B12, da wasu magungunan farfaɗiya in an daɗe ana sha. Amma uba da ƴaƴa maza biyu, ai abin dubawa ne.

Abin da za ki iya yi yau ba ya buƙatar na'ura. Takarda da biro. Ki zana dangin, maza murabba'i, mata da'ira, ki cike na masu ciwo da baƙi, ki haura har kakanni. Wa ya fara, yana shekara nawa, me ya fara lalacewa, ƙafa ko magana ko haɗiya. Mu nan mutum ɗaya na iya barin ƴaƴa 20 daga mata uku, duk a gari guda, ga tsofaffi masu riƙe da asali a ka. Masu bincike a Turai nema suke su samu dangi irin wannan.

Ɗan_Gobir:

Dokta, a gafarce ni, zan ɗan ja. Ku shiga ɗakin yara lokacin damina, Agusta zuwa Oktoba, ku ga yadda zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika gadaje. Rett yarinya ɗaya ce cikin kusan 10,000. Shi kuma SCA1, an san ƙwayar gadonsa sama da shekara 30, har yau ba maganin da ke tsayar da shi. To a ce wa talakan Madarunfa an gano sunan ciwonsa, sannan me? Ƙanwata, in gado kike so, ga sikila nan ta ishe mu aiki.

Mai_Labo:

Ɗan Gobir, maganarka a kan sikila gaskiya ce, kuma aikin labon iri ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya zai iya ɗayan. Amma sanin suna ba banza ba ne. Gidan da ya san gado ne zai daina sayar da awaki yana kai wa boka, a kuma daina nuna wata kishiya da yatsa. Kuma bincike tafiyarsa a hankali take. Adrian Bird na Edinbara ya nuna a 2007 cewa in aka sake kunna MECP2 a ɓerayen da suka riga suka kamu, alamomin suna ja da baya. A 2023 Amurka ta amince da maganin farko na Rett. Ba warkarwa yake ba, rage wasu alamomi ne.

Ƙanwata, ba sai kin kalli Houston kaɗai ba. Ki nemi aikin Guida Landouré a Bamako. Likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Mali, ya yi horo a waje ya koma gida, yana binciken cututtukan jijiyoyi na gado a dangogin Mali, ya kuma yi aikin ƙarƙashin H3Africa, wani shirin binciken ƙwayoyin gado a Afirka. Yanayinsu da namu ɗaya ne, har da auren zumunci (ko da yake shi auren zumunci ya fi fito da cututtukan da sai uwa da uba duk sun ba da, irin sikila, ba irin tangaɗin da ke bin uba zuwa ɗa ba).

Ki dage da Ingilishi, don da shi ake buga kusan duk binciken. In an yi hutu ki nemi zama a labon da ke yin PCR (dabarar ninka ADN don a iya gwada shi), ko a CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai. Kuma kar ki taɓa ɗibar jinin kowa sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar mai jinin. Takardar dangin nan ma ki ɓoye ta sosai. In ta fita gari, ƴan matan gidan ne za su rasa masu aure.

Ɗalibar_Bagalam:

Na gode ƙwarai. Dokta, kun tuna min abu: babban ɗan bai kai 25 ba ya fara, ƙasa da uban sosai. Kakata kuma ta taɓa cewa mahaifiyar maigidan da sanda ta ƙare rayuwarta. Sai dai ta yaya zan yi tambaya a kan mamata ba tare da sun ga kamar tonon asiri na zo yi ba?

Tsohon_Likita:

Kar ki je ke kaɗai, ki bi kakarki a matsayin masu dubiya. Ki fara da duba marar lafiyar, ki ga yadda yake haɗiya, don sarƙewa ce ke kai su ga ciwon huhu. Ki nuna musu a zaunar da shi tsaye in zai ci, a yi masa kunu mai kauri. Asalin dangi kuma wurin tsohuwar gidan za ki same shi, a cikin hira. Kalmar gado kar ta fito bakinki ranar farko. In kin zana, ki kai wa malaminku na jijiyoyi ya gani kafin ki sake komawa.